Makaranta ɗaya, rassa tara, layi ɗaya: yadda ake ƙirga masu shiga karatun likita a Amurka

A daminar da ta wuce, ɗan ƙanwata da ke gab da kammala digirinsa na farko a Amurka ya turo mini hoton wani shafi ta WhatsApp, ya biyo shi da saƙon murya. "Kawu, duba ka gani. Mutum huɗu kacal suke ɗauka cikin ɗari. Ni kam na cire makarantar nan daga jerina." Na buɗe hoton, na ja shi da yatsu biyu don rubutun ya fito. Layi ɗaya ne tal: sunan makaranta, yawan takardun nema, yawan waɗanda suka yi rajista, sai makin jarrabawa a ƙarshe. Na tambaye shi wane reshe wannan lissafi yake nufi, tunda makarantar tana da rassa uku a garuruwa uku. Ya daɗe bai amsa ba, can sai ya rubuto: "Wallahi Kawu ban san akwai bambanci ba."

Akwai bambanci, kuma babba ne. Abin ya dame ni, domin yaro mai ƙoƙari yana shirin rufe wa kansa ƙofa saboda lambar da bai san yadda aka haɗa ta ba. Lambar ba ƙarya ba ce. An yi wa rassan kuɗin goro ne kawai, kuma akwai dalilin da ya sa ake yin hakan.

A Amurka galibi ba a shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare. Sai ɗalibi ya yi digirin farko na shekara huɗu, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya nemi gurbi. Makin MCAT, tun da aka sabunta ta a 2015, yana farawa ne daga 472 ya tsaya a 528, kuma 500 ne tsakiyar ma'aunin. Yawancin masu nema suna cika takarda guda a shafin AMCAS, wanda ƙungiyar kwalejojin likitanci ta ƙasar, AAMC, take gudanarwa, daga nan a raba ta zuwa duk makarantun da mutum ya zaɓa. Makarantun gwamnati na jihar Texas ne suke da nasu tsarin daban, TMDSAS. Ita AAMC ɗin ce kuma take tattara alƙaluma ta fitar duk shekara, a teburan da kowa zai iya dubawa kyauta, da kuma kundin MSAR wanda ake biyan kuɗi kafin a ga cikakkensa.

To, wace ce "makaranta" a idon waɗannan tebura? Nan ne gizo yake saƙa. Hukumar da ke tantance kwalejojin da ke ba da digirin likita na MD, wato LCME, wadda aka kafa tun 1942, shirin karatu take ba wa lasisi, ba gini ko gari ba. Idan jami'a tana da shiri guda ƙarƙashin shugaba guda, da manhaja guda, da kwamitin ɗaukar ɗalibai guda, makaranta ɗaya ce, ko da ɗalibanta sun warwatsu a garuruwa goma. Hukumar tana ɗaukar wuri a matsayin reshe idan ɗalibi zai iya yin aƙalla shekarar karatu guda cur a can, kuma tana tilasta wa uwar makaranta ta tabbatar ilimin da ake bayarwa a reshe ya yi daidai da na hedikwata. Teburan AAMC kuwa lasisin suke bi: lasisi ɗaya, layi ɗaya.

Dubi Jami'ar Indiana. Kwalejin likitancinta ita ce mafi yawan ɗalibai cikin masu ba da MD a ƙasar, tana ɗaukar sama da 350 duk shekara, kuma tana da mazauni tara: Indianapolis, Bloomington, Evansville, Fort Wayne, Gary, Muncie, South Bend, Terre Haute da West Lafayette. A tebur layi ɗaya gare ta. Sai ka dubi Jami'ar Arizona, mai kwaleji a Tucson da wata a Phoenix. Ta Phoenix ta fara ne a matsayin reshe, daga baya ta nemi lasisin kanta ta samu, saboda haka yau layi biyu ne, kowace da alƙalumanta, kuma mai nema dole ya zaɓi kowace daban ya biya kuɗin kowace daban. Haka Jami'ar South Carolina take da Columbia da Greenville, haka Texas Tech take da ta Lubbock da ta El Paso. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa ba zai ga bambanci tsakanin reshen Indiana da ke Gary da kwalejin Arizona da ke Phoenix ba, duka ɗalibai ne sanye da farar riga suna shiga suna fita. Bambancin yana cikin takardar lasisi.

Rassan sun yawaita ne cikin shekaru ashirin da suka gabata. A 2006 AAMC ta yi kira da a ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka da kashi 30 cikin ɗari, saboda hangen ƙarancin likitoci. Gina sabuwar kwaleji daga tushe abu ne mai cin kuɗi da shekaru, buɗe reshe a asibitin wani gari kuwa ya fi sauƙi. Ga kuma wata fa'ida da jihohi suke kwaɗayi: likitan da ya yi karatu a ƙaramin gari ya fi yiwuwar ya zauna ya yi aiki a irin wannan gari.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi muhimmanci ga mai nema, wato a wane lokaci ake raba ɗalibai zuwa rassa. Hanyoyin sun sha bamban, kuma kowace tana sauya ma'anar lambar da ke cikin tebur.

A wasu makarantu, irin su Indiana, kwamiti ɗaya ne yake zaɓen kowa, sai bayan an ba mutum gurbi ake tambayarsa ya jera rassan da ya fi so, makaranta ta yi rabo. A nan tambayar "kashi nawa reshen Muncie yake ɗauka" ba ta da amsa, domin babu wanda ya nemi Muncie ita kaɗai. Ƙofa ɗaya aka shiga, ɗakuna ne suka bambanta. Layi ɗaya a irin wannan makaranta gaskiya yake faɗa. Abin da ba ya nunawa shi ne mutum nawa suka samu reshen da suka fi so, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali ko mai tsoho a gida.

A wasu kuma reshen yana da manufarsa tun daga farko, yana neman irin mutanensa. Reshen Duluth na Jami'ar Minnesota, wanda ya fara ɗaukar ɗalibai a 1972, an kafa shi ne don horar da likitocin karkara da likitoci daga ƙabilun asalin Amurka. Wanda ya tashi a ƙauye, ya nuna zai koma ƙauye, yana da daraja a idon Duluth fiye da abin da makinsa kaɗai zai nuna. Reshen Salina na Jami'ar Kansas, da aka buɗe a 2011, ɗalibai takwas yake ɗauka a shekara. Ka zuba takwas cikin aji mai mutum wajen ɗari biyu, ba ko alamarsu da za ka gani a lissafi.

Misalin da ya fi kowanne fito da matsalar fili shi ne na Jami'ar Washington da ke Seattle. Tun 1971 take gudanar da shirin da yau ake kira WWAMI, inda kwaleji guda take zama kwalejin gwamnati ta jihohi biyar: Washington, Wyoming, Alaska, Montana da Idaho. Wyoming ce ta shiga a ƙarshe, a 1996. Kowace jiha tana biyan kuɗin kujerun da aka ware wa mutanenta. Shekaru da dama Wyoming tana da 20, Montana 30, Idaho 40. Ɗalibai suna yin farkon karatunsu a jiharsu, a Laramie, Anchorage, Bozeman, Moscow ta Idaho, Spokane ko Seattle. Mai nema daga Wyoming da sauran mutanen Wyoming kaɗai yake takara, kuma jihar ba ta kai mutum dubu ɗari shida ba. Mai nema daga California kuwa yana cikin dubban da ke rububin ɗan abin da ya rage. Idan ka raba yawan waɗanda aka ɗauka da yawan duk takardun da suka shigo, za ka sami lambar da ba ta dace da ɗan Wyoming ba, ba ta dace da ɗan California ba. Wanda ya san tsarin jami'o'in tarayya na Nijeriya, inda ake ware kashi 45 don cancanta, 35 don yankin da jami'a take, 20 don jihohin da aka bari a baya a ilimi, ba zai sha wahalar gane wannan ba. Sai dai a Amurka zama a jiha da biyan harajinta ake dubawa, babu ruwansu da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma.

Bari in ƙirƙiro makaranta don mu yi lissafin da hannu. A ce babban reshenta ya sami masu nema 6,000, ya ba 300 gurbi. Kashi 5 ke nan cikin ɗari. Ƙaramin reshenta, wanda mazauna jiha kaɗai yake saurare, ya sami 400, ya ba 80 gurbi. Kashi 20 ke nan, mutum ɗaya cikin biyar. In aka haɗa, 380 ne cikin 6,400, ƙasa kaɗan da kashi 6. Yaron da ya cancanci ƙaramin reshe zai ga shida ya karaya, alhali damarsa ta ninka haka sau uku da ɗoriya.

Ba a gama ba. Ba duk wanda aka ba gurbi ne yake zuwa ba, domin ɗalibi mai ƙarfi yakan sami gurbi a wurare uku ko huɗu ya zaɓi ɗaya. A ce cikin 380 ɗin nan, 240 ne suka zo suka yi rajista. Teburin AAMC na makaranta-makaranta yawan takardu da yawan masu rajista yake nunawa, ba yawan waɗanda aka yi wa tayi ba. Mai karatu ya raba 240 da 6,400, ya sami ƙasa da kashi 4. Makaranta ɗaya, shekara ɗaya, mun fitar da huɗu, biyar, shida da ashirin, kuma babu wadda aka yi wa ha'inci a cikinsu.

Haka ma ƙasan lissafin, wato yawan masu nema, yake da nasa rikici. Bayan takardar AMCAS, kusan kowace makaranta tana turo takarda ta biyu mai tambayoyinta da kuɗinta, kuma mutane da yawa ba sa cikawa. Makarantar da ta ƙirga duk wanda ya danna sunanta za ta yi kama da mai tsanani fiye da wadda ta ƙirga waɗanda suka kammala komai. Sannan takarda daban, mutum daban. A 2023 mutum sama da 52,000 ne suka nemi shiga kwalejojin MD, kusan 23,000 suka shiga, wato sama da kashi 40 cikin ɗari. Amma da yake kowane mutum yana aika takarda zuwa makarantu kimanin 18, takardun sun doshi miliyan ɗaya. Shi ya sa kusan kowace makaranta take nuna kashi biyu, uku ko biyar, alhali a ƙasa baki ɗaya mutum biyu cikin biyar suna samun wuri.

Batun maki ma haka yake. MSAR yakan ba da makin tsakiya: a jera ɗalibai daga mai ƙaramin maki zuwa mai babba, a ɗauki na wanda ya tsaya a tsakiyar sahu. A 'yan shekarun nan matsakaicin MCAT na waɗanda suka shiga a duk ƙasar yana kusa da 512, sakamakon digirinsu kuma wajen 3.8 bisa 4. Idan babban reshe yana da ɗalibai 200 ƙarami yana da 40, na tsakiyar sahu kusan kullum zai yi kama da mutanen babban reshe. Abin da ya fi amfani shi ne faɗin zangon, wato makin da kashi 10 na ƙasa suka tsaya a kai da wanda kashi 10 na sama suka fara, kuma MSAR yana nuna wannan. In zangon ya yi faɗi sosai a makaranta mai rassa, sau da yawa alama ce cewa jama'a iri biyu aka haɗa a kwano ɗaya. A lura kuma ko makin na waɗanda aka yi wa tayi ne ko na waɗanda suka zo. Na farko yakan ɗara na biyu, tunda masu maki mafi yawa su ne suka fi samun wani wurin su tafi.

Masana lissafi sun daɗe da sanin irin ɓarnar da haɗa rukuni-rukuni take yi. A 1973 alƙaluman shiga karatun gaba da digiri a Jami'ar California da ke Berkeley sun nuna an ɗauki kimanin kashi 44 na maza masu nema, mata kuma kashi 35. Kowa ya ɗauka wariya ce ƙarara. Da aka rarraba lissafin sashe-sashe, a binciken da aka wallafa a 1975, sai aka ga yawancin sassa ba su fifita maza ba, wasu ma mata suka ɗan fi samu. Abin da ya faru shi ne mata sun fi neman sassan da ke da cunkoso, inda ake ƙin yawancin masu nema, mace ko namiji. Jimilla ta nuna gabas, sassa sun nuna yamma. Ka sa "reshe" a gurbin "sashe", ka sami matsalarmu.

Me zai hana makarantu su raba alƙaluman kowa ya huta? Wasu dalilan nasu masu ƙarfi ne. Ajin mutum takwas ba ya ba da matsakaicin da za a dogara da shi. Ɗalibi ɗaya mai maki na ban mamaki zai ɗaga shi bana, ya faɗo baɗi. Kuma a aji ƙarami, in ka ce mafi ƙarancin maki kaza ne, kowa a garin ya san wa ake nufi. Akwai kuma tsoron kada a riƙa kallon reshen karkara a matsayin na waɗanda ba su kai ba, alhali jarrabawar lasisi ɗaya za su zauna, digiri ɗaya za su karɓa. Na yarda da waɗannan. Amma ina ganin ba su isa hujjar yin shiru gaba ɗaya ba. Makaranta za ta iya haɗa shekaru biyar ta ba da zango, za ta iya faɗin yawan kujerun kowane reshe, da yawan waɗanda suka sa shi a zaɓin farko, da yawan waɗanda suka samu. Wasu suna yin haka a shafinsu. Ɗalibin da ke biyan kuɗin takarda bayan takarda, ga kuɗin tafiya ganawa in an kira shi, yana da haƙƙin sanin layin da yake tsaye a kai.

A ɓangaren kwalejojin da ke ba da digirin DO, waɗanda su ma likitoci cikakku suke yayewa, hukumar tantancewa daban ce, shafin nema ma daban, AACOMAS. Rassa sun fi yawa a nan, kuma wasu a jihohi masu nisa da juna. Kwalejin LECOM tana Erie a Pennsylvania tana kuma Bradenton a Florida. PCOM tana Philadelphia tana kuma jihar Georgia. Manyan rassan irin waɗannan akan neme su daban-daban, don haka sukan fito da alƙalumansu. Kuskuren da ake yi a nan akasin na farko ne: a tara masu neman rassan wuri ɗaya a ce yawan mutanen da suka nemi makarantar ke nan, alhali mutum ɗaya ya nemi biyu an ƙirga shi sau biyu.

Inda abin ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne rassan ƙetare. Yawancin kwalejojin gwamnati a Amurka ba sa ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba ko marar takardar zama ta dindindin, don haka ga iyalai da yawa a Kano ko Maradi, tallan da ke zuwa hannu na rassan da manyan jami'o'i suka buɗe a wasu ƙasashe ne. Weill Cornell tana da kwaleji a Doha ta Katar tun 2001. Kwalejin RCSI ta Dublin ta buɗe a Bahrain a 2004. Jami'ar Newcastle ta Ingila tana da kwalejin likitanci a Johor ta Malesiya, Queen Mary ta Landan kuma tana da tata a Malta. Waɗannan suna ɗaukar ɗalibansu ne da kansu, da sharuɗɗansu da kuɗinsu. Alƙaluman Cornell ta New York da ke teburin AAMC ba su ƙunshi Doha ba. Kuma duk da cewa ɗalibin Doha digirin Cornell yake karɓa, in ya zo neman horon ƙwarewa a asibitocin Amurka a sahun waɗanda suka yi karatu a waje yake tsayawa, sai ya bi ta hukumar ECFMG. Don haka in wakilin makaranta ya nuna wa uba matsayin jami'a a duniya, ko yawan waɗanda suka ci jarrabawa, abin da uban zai tambaya shi ne: na wane gari? Kundin makarantun likitanci na duniya, wanda ƙungiyoyin WFME da FAIMER suke kula da shi kuma ake dubawa kyauta a intanet, yana jera irin waɗannan rassa kowanne da shafinsa. Shafin reshen za a duba, ba na uwar makaranta ba. Wanda kuma zai dawo Nijeriya ya yi aiki, jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje tana jiransa, kowane suna ne a kan takardar digirinsa.

Shi ɗan ƙanwar tawa, tambayoyi huɗu na ce ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar: kujera nawa ce a kowane reshe, shin kafin tayi ake zaɓen reshe ko bayansa, kashin da suka wallafa na waɗanda aka yi wa tayi ne ko na waɗanda suka yi rajista, kuma nawa ne daga cikin masu neman mazauna jihar. Ya yi ta jan ƙafa, yana ganin kamar za a ɗauke shi mai katsalandan. Na ce masa aikinsu ke nan, don shi aka ajiye su. Bayan kwana tara suka amsa uku daga cikin huɗun. Ashe fiye da rabin takardun daga wajen jiha suke zuwa, shi kuwa shekararsa shida yana zaune a jihar tare da iyayensa. Ya mayar da sunan makarantar cikin jerinsa, ya sa ƙaramin reshen a zaɓin farko, domin tafiyar awa ɗaya ce tsakaninsa da gidan mahaifiyarsa.